Kiristal mai ba da haske: ci gaba ne ko wata dalmar ce a sabon kwali?

Abu Sumayya (Jidda): Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah ina ɗalibanmu na kimiyya, wani bidiyo ne ke ta yawo, an ɗiga wani ruwa cikin wani ruwan a ƙaramar kwalba, ana haska masa wata fitila sai ya ɗauki kore shar, wai nan gaba da shi za a riƙa yin ƙwan lantarki da gilashin talabijin kuma zai yi arha sosai. Ni sana'ata kenan sayar da kayan kaharaba wato lantarki, to in gaskiya ne gara mu sani tun da wuri, in kuma haɗin kwamfuta ne a faɗa mana.

Ɗalibin Suwal: Wa alaikumus salam Baba Alhaji. Ba haɗi ba ne, gaskiya ne, kusan kullum muna ganin irinsa a lab. Dangin abun ana ce musu ferofskait, kuma fitilar da ka gani irin ta 'yan canji ce da suke duba jabun kuɗi da ita. Abu uku ake haɗawa. Akwai ƙarfe, yawanci dalma, wani lokaci kuza ko manganis ko jan ƙarfe, sai halayid wato kulorin ko buromin ko aidin, eh aidin ɗin nan dai na ciwo, sai kuma wani ƙaramin sinadari ɗan gidan kabon mai ɗauke da caji irin su metilamoniyom. Kowace ƙwayar dalma ƙwayoyin buromin shida ne ke kewaye da ita, su kuma suna sarƙe da na kusa da su ta kusurwa, shi kuma ɗan gidan kabon ɗin yana zaune a gurbin da ya rage a tsakani. In haske mai ƙarfi ya faɗa kai ko aka ba shi wuta sai ilektiron ya yi sama, in zai dawo mazauninsa sai ya saki abin da ya ɗauka a matsayin haske. Launin kuma kai ke zaɓa, kulorin ya ja shi wajen shuɗi, buromin kore, aidin ja har ya wuce inda ido ke gani.

Ɗan Damagaram (Riyad): Toh malam meye bambancinsa da LED ɗin da muke canzawa kullum a bayan gilashin talabijin? ai shima haske yake bayarwa kuma baya cin wuta

Ɗalibin Suwal: Bambancin yana wajen yadda ake yinsu ne yayana. LED shuɗi na galiyom naitirayid wanda Akasaki da Amano da Nakamura suka samu Nobel a kansa a 2014, sai an kai zafi wajen digiri 1000 cikin injina masu tsadar gaske kafin a shuka shi, sannan farin hasken da kake gani a ƙwai ba fari ne na asali ba, shuɗi ne aka shafa masa wani gari rawaya mai itiriyom da siriyom, ma'adinan da Sin ce ke riƙe da yawancin kasuwarsu. Shi kuwa wannan narkawa ake a ruwan sinadari a shafa a gilashi a gasa ƙasa da digiri 150, halas. Kuma launinsa tsaf yake, faɗin korensa wajen nanomita 20 ne kacal, ya'ani kore ne zalla ba gauraye, abin da masu yin talabijin ke nema ido rufe kenan. A 2014 rukunin Richard Friend a Kambirij suka fitar da LED ɗinsa mai aiki a zafin ɗaki, lokacin ingancin, wato kason wutar da ke fitowa a matsayin haske, bai kai kashi 1 cikin 100 ba, zuwa 2018 an haura kashi 20.

Maman Ilham (Madina): Masha Allah. Wai da gaske a nan ƙasar ma ana aikin? ni na ɗauka duk a Turai ne da Amurka

Ɗalibin Suwal: Anti ai KAUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdullah da ke Suwal nan Saudiyya, tana cikin na gaba-gaba a wannan fannin. A 2015 rukunin Farfesa Osman Bakr suka fitar da wata hanya ta shuka kiristal ɗin da ta bazu ko'ina. Kin san sukari in shayi ya yi zafi ya fi narkewa ko, to wannan gishirin a wasu ruwayen akasin haka yake yi, in ya ji zafi sai ya ƙi zama a narke. Za ki haɗa gishirin dalma da buromin da na metilamoniyom a wani ruwa da ake ce wa DMF, ki tace, ruwan garau ba komai, ki ɗora kwalbar cikin mai mai zafin digiri 80 ki zauna ki zuba ido. Can sai ki ga wani ɗan ɗigo ruwan lemo a gindin kwalbar, kafin wasu awanni ya zama dunƙule mai kusurwa huɗu ɓangarorinsa sumul kamar an goge, alhali da can sai a yi kwanaki ko makonni ana jira. In kika kashe wutar kika manta shi a ciki ya huce sai ya sake narkewa ya ɓace, dole ki tsamo shi da zafinsa ki goge. Amma shi babban dunƙulen baya haske sosai, ƙananan ne da ido baya gani ɗaya-ɗaya ke yin wannan koren na bidiyon Baba Alhaji. A 2023 ma rukunin Stefaan De Wolf a nan suka kai kashi 33.7 cikin 100 na hasken rana da ke komawa wuta a sola da aka ɗora ferofskait kan silikon.

Abba Zahran: Duk abin da ka faɗa haka ne abokina amma ka faɗa wa Baba Alhaji ɗaya rabin mana. Abun nan baya son ruwa, baya son zafi, baya son iska, wani ma hasken da yake bayarwa ke cinye shi. Mai aidin ɗin baƙi ne wuluk, ka ajiye shi a fili a Jidda lokacin ruɗuba wato danshin iska, kwana kaɗan zaka ga ya fara komawa rawaya, wato ya rushe ya koma gishirin dalma da aidin. Ni ɓangaren lantarki nake kuma abin da ya fi damuna shine ƙwayoyin halayid ɗin basa zama wuri ɗaya in an ba su wuta, yawo suke cikin kiristal ɗin, shi yasa shuɗin da ake haɗawa da kulorin da buromin yana kunne zaka ga launin yana zamewa wajen kore. Ƙwan da ke shagon Baba a kwalinsa an rubuta awa 15,000 wani 25,000, su kuwa waɗannan da yawansu in aka ƙure musu haske awanni ne ko kwanaki sun dushe. Wa zai saya?

Ɗan Damagaram (Riyad): ai ko waɗanda aka rubuta 15,000 ɗin basa kaiwa, amma gsky ba LED ɗin ke mutuwa ba yawanci, ɗan kafasitan da ke cikin gindin ƙwan ne zafi ke busar da shi musamman a ɗakin da ba mukayyif wato na'urar sanyaya ɗaki

Abba Zahran: To ka gani. In zafin ƙasar nan yana kashe kafasita ina ga abin da tun a lab sai cikin akwatin naitirojin ake taɓa shi da safar roba.

Hajiya Bazamfara (Makka): Ni tun da na ga kalmar dalma a sama na kasa wucewa. Ɗana kai yaro ne mai ilimi Allah ya ƙara, amma ni 'yar yankin Anka ce. A 2010 yara sama da 400 gubar dalma ta kashe a Zamfara, Bagega, Dareta, 'Yargalma, ƙauyuka ne da muka sani ba labari ba. Dutsen zinare maza ke kawowa gida mata su daka a tsakar gida, a turmin da ake daka hatsi, ƙurar ta sauka a ƙasa yara suna rarrafe suna kai hannu baki, sai ka ga yaro ya fara amai ya fara jijjiga kafin a yi wani abu ya tafi, a gida ɗaya a binne biyu uku. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo aka gane meye, aka riƙa kankare ƙasar gidaje ana kwashewa ana zuba sabuwa. Waɗanda suka rayu kuma wasu har yau ba daidai suke ba. A 2015 aka sake yi a jihar Neja. To yanzu kuce za a sa wannan abun a fitila da talabijin a shigar wa mutane ɗaki? Wlh jikina yayi sanyi.

Maman Ilham (Madina): Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansu ya ba iyayensu haƙuri Hajiya.

Ɗalibin Suwal: Amin. Mama maganarki ba abin da zan ture a ciki, kuma ita ce babbar muhawarar da ake a fannin gaba ɗaya. Abin da masu kare shi ke cewa shine yawan kaɗan ne, shafin da ake yi kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na silin gashi ba, a faifan sola mai faɗin murabba'in mita ɗaya dalmar bata kai giram 1 ba, alhali batirin mota guda ɗaya akwai kilo da yawa a ciki, kuma ana rufe shi ruf tsakanin gilashi da roba.

Abba Zahran: A nan kam ina bayan Hajiya. Lissafin giram baya gamsar da ni domin ba irin dalma ɗaya ba ce. Wannan gishiri ne, ruwa na taɓa shi yake rushewa ya saki dalmar ta bi ruwan, ta shiga ƙasa shuka ta ja. Kuma hukumar lafiya ta duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba komai. Turai suna da doka, kayan lantarki kada dalma ta wuce kashi 0.1 cikin 100 a kowane ɓangare, suna da wuraren karɓar tsoffin kaya. Mu fa? Tsohon talabijin ɗin Turai a ina yake ƙarewa in ba Legas da Kano ba, yaro ɗan gwangwan ya fasa da guduma ya ƙona robar ya ciri waya.

Ɗan Damagaram (Riyad): wannan gaskiya ne, ko mu nan fasassun gilasai masu sikirab muke sayar wa kuma bamu taɓa tambayar inda suke kaiwa ba

Hajiya Bazamfara (Makka): To shine. Rufewar da ake cewa an yi a masana'anta ne, ranar da ya fashe a bola ba mai rufe shi.

Ustaz Abu Anas (Madina): Allah ya saka wa kowa da alheri, ina ta bi a hankali. Ƙa'idar da malamai suka ɗauko daga hadisin la darara wa la dirara ta shafi irin wannan, ba a cutar da kai ba a cutar da wani, kuma kawar da ɓarna ana gabatar da shi kan jawo amfani in ɓarnar ta rinjaya. Amma sai an auna, ba a haramta bincike don akwai guba a ciki, in ba haka ba da ba a yi magani ba. Ina so in ja hankali kan wani abu da ya fi kusa da mu ma, kwallin da alhazai ke saya tsaraba a kai gida a ranbaɗa wa jarirai. Ismid sunna ne, amma da yawa daga abin da ake sayarwa da sunan kwalli dutsen dalma ne aka niƙa, an sha gwadawa an samu.

Maman Ilham (Madina): Sosai Ustaz, mu a asibiti muna hana masu jego sa wa jariri duk kwallin da ba a san asalinsa ba. Kuma gubar nan bata nuna kanta da wuri, gwajin jini ne ke nunawa.

Abu Sumayya (Jidda): To wai dole ne sai da dalmar? Ɗana ba ka ce akwai kuza da su manganis ba?

Ɗalibin Suwal: Yawwa Baba, nan ne ni zuciyata take. Kuza ita aka fara gwadawa tunda 'yan gida ɗaya ne da dalma, mushkilarta iska na taɓa ta take canza hali ta lalace, ta fi dalmar ma saurin mutuwa. Sai mutane suka canza tunani, maimakon a ce dole sai ƙwayoyin sun sarƙe da juna ta ko'ina, me zai hana a sa ɗan gidan kabon ɗin ya zama ƙato ya raba su. In ya ɗan girma sai abun ya koma hawa-hawa, shafin ƙarfe da halayid, shafin kabon, shafin ƙarfe, kuma a irin wannan ne Hemamala Karunadasa ta jami'ar Stanford ta nuna a 2014 cewa abu ɗaya tak zai iya ba da farin haske da kansa ba sai an gauraya gari kala-kala ba, duk da nata ma mai dalma ne. In ya ƙara girma kuma sai kowane dunƙulen ƙarfe da halayid ya zauna shi kaɗai, kabon ya lulluɓe shi ta kowane gefe, baya taɓa ɗan uwansa. Rukunin Biwu Ma a jami'ar jihar Fulorida sun yi aiki sosai a kan wannan. Amfanin biyu ne, ƙarfin da ya shiga dunƙulen bashi da hanyar zirarewa ya ɓace a wani lahani sai dai ya fito haske, har wasu kusan duk abin da suka sha suke mayarwa, sannan rigar kabon ɗin tana kare shi daga danshi. Kuma a nan manganis ke aiki lafiya lau ba dalma ko ɗigo. In buromin huɗu suka kewaye manganis kore yake bayarwa, in shida ne suka kewaye shi sai ya koma ja ko ruwan lemo. Da rana in ka gan shi wani fari-fari ne mai ɗan ratsin kore ba abin kallo ba, kana kashe wutar ɗaki ka haska masa fitilar 'yan canji zai cika kwalbar da haske, wasu ma in ka murƙushe su a duhu zaka ga suna ƙyasta haske.

Abba Zahran: Amma ka ƙarasa, tunda dunƙulen basa taɓa juna wuta bata bi ta cikinsu da kyau, to yin LED kai tsaye da su wahala ne. Gari ne dai na shafawa a kan wani LED ɗin.

Ɗalibin Suwal: Haka ne, kuma ni ban ga aibu a hakan ba, garin shafawar ai shine rabin kowane farin ƙwai da ke duniya. Sannan akwai inda ba a buƙatar wuta ta bi ta ciki sam, hoton ƙashi.

Maman Ilham (Madina): A'a toh an zo wajena. Mu allon da muke sa wa mara lafiya a bayansa akwai wani shafi a ciki da ke mayar da eksire haske sannan na'ura ta karanta, yawanci sisiyom da aidin ne da aka ɗiga wa taliyom, shi ma taliyom ɗin ai guba ne mai tsanani, kuma allon tsada kamar me, in ya faɗi ƙasa ranar ba mai dariya a sashen. Ina tuna asibitocinmu na gida da mutum zai yi tafiyar awanni da karyayyar ƙafa don a ɗauke shi hoto, wani wajen injin yana nan allon ne ya lalace ba kuɗin saye. Kana nufin wannan zai iya maye gurbinsa?

Ɗalibin Suwal: Abin da ake nema kenan Anti. A 2020 su Biwu Ma suka nuna na manganis da buromin yana haske sosai a ƙarƙashin eksire, aka niƙa shi aka gauraya da roba mai laushi aka samu shafi mai lanƙwasuwa aka ɗauki hoto da shi, nan KAUST ma rukunin Farfesa Omar Mohammed suna aiki kan irin waɗannan allunan. Ki duba, mai lanƙwasuwa zai iya naɗe hannu ko bututun mai. Rauninsa manganis baya sakin haskensa da sauri, yakan ɗauki ɗaruruwan maikurosakan, wato kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, ga hoton ƙashi na tsaye ba matsala, amma injin da ke ɗaukar hotuna da yawa a jere cikin sauri yafi son mai kashewa nan take. Sannan manganis bashi da nauyin dalma wajen tare eksire, sai an ƙara kaurin shafin, in kauri ya yi yawa kuma hoton ya rage fita tar.

Maman Ilham (Madina): Wannan na gane shi sosai, in hoto bai fita ba likita zai ce a sake, mara lafiya ya sha eksire sau biyu. Amma ko na karaya da ƙirji kaɗai ya iya, in da arha wlh ba ƙaramin abu ba ne ga ƙauyukanmu.

Abu Sumayya (Jidda): Toh ni dai a taƙaice, in wani ya zo min da kwali ya ce ƙwan ferofskait ne in saya ko kar in saya?

Abba Zahran: Kar ka saya Baba, ƙwan ɗaki na wannan bai shigo kasuwa ba. Sola kam ta fara fita, kamfanin Oxford PV ya fara sayar da faifansa a 2024, shi ma sai an ga yadda zai yi shekaru a rana tukun, ni sai na ga wanda ya sha zafin tashoshin sola na Sakaka ko Sudair shekara da shekaru kafin in yarda.

Ɗalibin Suwal: A kan ƙwai na yarda da Abba. Inda muka rabu shine shi yana ganin abun zai tsaya a takarda, ni kuma ina ganin allon eksire da garin shafawa marasa dalma zasu riga sauran isa hannun mutane, domin su a rufe suke aiki cikin ɗaki mai sanyi ba ruwa ba rana ba wutar da ke bi ta cikinsu.

Hajiya Bazamfara (Makka): Ɗana tambaya ɗaya ta rage min. Shi mara dalmar, in ya fashe yaro ya kai baki fa? Kuma kai da kake dama wannan ruwan kullum da me kake kare kanka?

Ɗalibin Suwal: Mama ba abin ci ba ne shi ma, manganis in ya yi yawa a jiki yana taɓa jijiyoyi, masu walda da masu haƙar ma'adini sun san haka, kuma wasu daga sinadaran kabon ɗin suna da tasu illar, sai dai bai kama ƙafar dalma ba wajen lalata ƙwaƙwalwar yaro, jiki ma yana buƙatar ɗan kaɗan nasa a abinci alhali dalma ba ta da wani aiki a jiki. Mu kuma ruwan DMF ɗin ne ma ya fi ba mu tsoro don yana ratsa fata yana taɓa hanta, shi yasa cikin akwati mai zuƙe iska muke aiki da safar hannu da tabarau, rigar lab bata zuwa gida, duk abin da ya taɓa dalma har tsumman gogewa jarkarsa daban ake zubawa a rufe a rubuta a jiki masu kwashewa su zo su tafi da shi.

Hajiya Bazamfara (Makka): Allah ya tsare ka. Rigar nan kam kada ka kuskura ka haɗa ta da wankin yara ko sau ɗaya.